Tsakar gida duk siminti: fulawata ta mutu a roba, me na yi ba daidai ba?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar shuka. Gidan haya muke a Kano, ciki da falo, tsakar gidan bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma an malale shi da siminti tun daga bakin ƙofa har jikin katanga. Ni kuwa gidan da na tashi akwai lalle da gwaiba da dalbejiya, idona ya saba da ganin kore. Watan jiya na sayo fulawa huɗu wajen masu sayarwa a bakin titi a Nasarawa, na sayi baƙaƙen robobi masu ƙyalli na juye su a ciki, na jera a jikin katanga. Safe da yamma ina ba su ruwa, ban taɓa fashi ba. Yau kwana 19, uku sun mutu, ganyen ya yi rawaya ya zube, ta huɗun ma ta langaɓe. Da na tuge ɗaya sai na ga saiwar ta yi baƙi tana wari. Wallahi abin ya dame ni.

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin in ce komai ki amsa mini uku. Robobin nan akwai huda a gindinsu? Wace ƙasa kika zuba? Da wane lokaci rana take dukan katangar da kika jera su?

Maman Ilham: Baba, babu huda, ban so ruwa ya riƙa ɓata simintin ba. Ƙasar kuma wani yaro na sa ya ɗebo mini daga bakin kududdufi, baƙa ce mai danƙo, na ɗauka ita ce mai ƙarfi. Rana kuwa daga azahar har bayan la'asar tana kansu.

Baba Mai Lambu: To ai kin gama ba da amsa da kanki. Ruwa ne ya kashe su. Saiwa tana numfashi kamar yadda muke yi, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take shaƙa. Kin sa ta a laka, laka ba ta sakin ruwa, robar ba ta da mafita, kina ƙara ruwa sau biyu a rana. Sai saiwar ta zauna cikin taɓo ta ruɓe, warin da kika ji ke nan. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe langaɓewa take yi kamar mai jin ƙishi, sai mai ita ya ƙara mata ruwa. Sannan ga baƙar roba a ranar azahar ta watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga siminti yana turo nasa zafin daga ƙasa, katanga tana turowa daga baya. Gobe da la'asar ki ɗora tafin hannunki a jikin robar, za ki ji abin da saiwar take ciki.

Ta huɗun ki ciro ta yau da magariba. Ki karkaɗe lakar, ki yanke duk saiwar da ta yi baƙi da almakashi, ki bar farare. Ki haɗa sabuwar ƙasa: kwano biyu na turɓaya, kwano ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano ɗaya na takin shanu wanda ya ruɓe ya zama gari, ba ya wari. Ki ajiye ta a inuwa sati biyu. Ruwa kuma sai kin soka yatsa ya nutse gaɓa biyu kin ji a bushe.

Hajiya Babba Zariya: Ki ji maganar Malam. Ni abin da zan ƙara, ki rabu da roba ki koma tukunyar ƙasa. Shekarata ta fi 20 ina shuka a tsofaffin tukwane da randunan da suka tsage. Randar da ta daina riƙe ruwan sha ba ta zama shara ba, gidan fulawa ce. Yadda randa ke sanyaya ruwa saboda tana gumi, haka take sanyaya saiwa. Kuma in kin yi gangancin zuba ruwa da yawa, jikinta yana tsotse wani.

Abu Fadil: Ku yi mini haƙuri, ni dai zan faɗi abin da ke raina. A wannan zamanin da mutum ke tsayawa jiran ɗan garuwa ya sayi jarka da tsada, a ce an ɗauki ruwan an zuba wa ganyen da ba a ci, ba a sha, ba a magani da shi? Ni ban ga hikimar ba. In dai za a wahala, a shuka alayyahu da yakuwa da attaruhu, ko banza an rage kuɗin cefane. Fulawa harkar masu rijiyar burtsatse a gida ce.

Ummu Sultan: Malam Abu Fadil, kai da safe kake fita sai dare. Mace ita ke wuni tsakanin katanga huɗu, ba abin da idonta ke gani sai siminti da igiyar shanya. Ka tambayi na gida in sun ce ganin fure ba ya rage musu ƙuncin rai. Kai ma ai kana sayen labule mai kyau, kuma ba a miya da labule.

Abu Fadil: Labule ba ya shan ruwa kullum, Hajiya.

Hajiya Babba Zariya: Ɗana, bari in gaya maka yadda nake yi, sai ka lissafa ruwan. Tukwanena 14. Ban taɓa sayen ruwa don su ba. Akwai ƙaramin baho da muke alwala a kai, mu shida a gidan, salla biyar. Ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye da na ɗauraye gero duk bokiti guda ake tarawa. Wannan ruwan da can kwata yake tafiya. Abin da ba na zubawa shi ne ruwan omo da na bilic da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, waɗannan suna ƙona shuka. Kuma ka san hadisin da Muslim ya ruwaito, Allah kyakkyawa ne yana son kyau. Ban ce fure ya fi abinci ba, amma ban yarda a kira shi ɓarna ba.

Abu Fadil: Na karɓi maganar ruwan alwala, Hajiya, wannan dabara ce. Amma har yanzu ina kan bakana cewa wanda wurinsa bai wuce tabarma uku ba, abin ci ya kamata ya fara sawa.

Amaryar Hotoro: Ni ban ga abin jayayya ba fa. Kuɓewa furenta rawaya ne mai jan ciki, ya fi fulawa da yawa kyau. Zoɓo jan kara ne da jan ƙoƙo. Attaruhu in ya nuna a tukunya kamar an rataya fitilu. Na'a-na'a in ta cika kasko ta zubo gefe ai ado ce, ga ƙanshi in iska ta kaɗa. A bakin ƙofar kicin ɗina na'a-na'a ce da ɗoɗɗoya da ciyawar shayin nan mai ƙanshin lemon tsami, duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya kalla.

Maman Ilham: Amarya, na'a-na'ar iri kika saya?

Amaryar Hotoro: A'a Anti, ta kasuwa ce wadda ake sayarwa ɗauri-ɗauri. Ki zaɓi masu kauri, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma karan a kofin ruwa ki ajiye a taga. Ki riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu. Kamar sati ɗaya za ki ga fararen saiwoyi sun fito, sai ki dasa. Ki ba ta kasko mai faɗi ita kaɗai, don in kika haɗa ta da wata shuka cinye wurin take yi. Ita tana son danshi, ba kamar sauran ba, kuma ranar safe kawai take so. Ɗoɗɗoya ma haka ake yi mata, sai dai da zarar ta fara fitar da kan fure ki tsinke, in ba haka ba ta daina ganye ta tsufa.

'Yar Damagaram: Salamu alaikum, ina gaida manya. Mu nan zafinmu ya fi na Kano, ruwa kuma kun san labarin Damagaram da ruwa. Amma akwai shukar da ta gagari duk wannan, ita ce ƙarya. Wadda ake wa karin magana, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Gindinta ƙato kamar tulu, a nan take ajiye ruwanta. Tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe, ita ko ganye babu sai fure jajaye-jajaye mai fari a tsakiya ya rufe ta. Tawa a tukunyar Mirya take, garin magina tukwane da ke kusa da mu, shekara 7 ke nan, da rani sau ɗaya nake ba ta ruwa a sati, da sanyi ma sai ta yi kwana 15. Malam Abu Fadil, kofi biyu a sati, wannan ma ɓarna ce?

Abu Fadil: Kofi biyu ba ɓarna ba ne. Ban san tana jure haka ba.

Baba Mai Lambu: Tana jurewa, 'yar dajin ƙasarmu ce, ba baƙuwa ba. Kuma duk da karin maganar, takan yi 'ya'ya jefi-jefi, kwanso biyu a haɗe kamar ƙahon sa, in ya bushe ya fashe iri mai gashi ya tashi a iska. Abin da ke kashe ta damina ce. Watan Agusta in aka bar ta tana shan ruwan sama kullum a ƙasa mai danƙo, gindin zai yi laushi ya ruɓe. Ita rabin ƙasarta ya zama yashi, a janye ta ƙarƙashin rumfa in ruwa ya yi yawa.

Anti Nas: Don Allah ku tsaya in sa baki a nan, don wannan ya shafi rai. Ƙarya tana da dafi. Ruwan jikinta mafarauta ke shafawa a kibiya a wurare da dama na Afirka, zuciya yake taɓawa. Maman Ilham tana da ƙananan yara, kuma tsakar gidan nan shi ne filin wasansu. Yaro mai rarrafe komai baki yake kaiwa. Ba ita kaɗai ba: akwai mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda da ake shukawa a bakin tituna da makarantu, oliyanda, ita ma ganyenta da furenta duk dafi ne. Akwai mai faffaɗan ganye kore da ɗigo-ɗigon fari da ake sawa a falo da baranda, in yaro ya tauna bakinsa da harshensa kumbura suke yi. Sai dangin tinya da ƙerana masu farin ruwa kamar nono, in ya shiga ido bala'i ne. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara 2 da aka kawo mana asibiti leɓe a kumbure, yawu na zuba, uwar ba ta ma san ganyen falonta ne ba sai da muka tambaya. Duk wadda za ta sayi shuka ta karya ganye ɗaya a gaban mai sayarwa, in farin ruwa ya fito ta yi tunani sau biyu.

'Yar Damagaram: Gaskiya ne Anti, na yi kuskure da ban faɗa ba. Tawa a kan dakali take mai tsawo, kuma yarana sun girma. In na yi mata aski ina sa leda a hannu in wanke wuƙar.

Maman Ilham: Innalillahi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu mai ɗigo-ɗigon farin nan ce, kuma autana watansa 11. Allah ya tsare. To Anti me zan sa wanda hankalina zai kwanta?

Anti Nas: Abin da Amarya ta lissafa duk lafiya lau ne tunda abinci ne, sai dai attaruhu ki ɗaga shi sama saboda idon yaro. Lalle ma yana zama a babbar tukunya, furensa ƙanshi gare shi da dare. Sai ki jira yaron ya yi wayo kafin ki kawo sauran.

Abu na biyu, sauro. Faranti ko murfin da ake sawa ƙarƙashin tukunya don tare ruwa, in ruwa ya kwana a ciki yau da gobe gidan sauro ne. A zafin nan daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Ki riƙa zubarwa, ko ki cika farantin da yashi. Kuma maganar da ake yaɗawa cewa ciyawar shayi a tukunya tana korar sauro daga gida, kada wani ya ajiye gidan sauronsa saboda ita. Man da ake tatsa daga danginta ne ake sawa a maganin shafawa, ita a tsaye a tukunya ba ta hana cizo.

Ɗan Jos: Ni abin da nake gani kullum, mutum ya zo Jos ya ga wardi da sauran furanni sun yi ɓul-ɓul, ya cika but ɗin mota ya nufi Kano ko Sakkwato. Sati uku ya kira ya ce an cuce shi. Ba a cuce ka ba, Jos tudu ce, ta haura mita 1,200, sanyinta daban. Wanda zai saya ya duba abin da ke raye a gidajen unguwarsu ya roƙi reshe. Abin da ya rayu a gidan maƙwabcinka zai rayu a naka.

Hajiya Babba Zariya: Wannan haka yake. Cikin tukwanena 14, biyu kawai na saya da kuɗi. Sauran duk daga gidan biki da gidan suna na tsinko su, da izinin masu gida. Bogenbiliyata, mai furen nan kamar takarda, reshe ne kamar fensir na karɓo a Tudun Wada na soka a yashi, sai da ya yi wata biyu kamar busasshen kara kafin ya tsiro. Yanzu ta haye katanga. Ita kuma sirrinta, in kina lallashinta da ruwa da taki ganye kawai za ta yi ta yi. Sai kin bar ta ta ji ƙishi, ganyen ya fara sunkuyawa, sannan take fure. Tana da ƙaya dai, a sa ta a lungu.

Ummu Sultan: Ni matsalata daban. A bene nake a Kaduna, hawa na biyu, baranda ce kawai da ni. Na jera tukwanen siminti shida manya, na shekara biyu ina jin daɗinsu. Ranar nan mai gidan ya zo ya ce in kwashe duka cikin sati ɗaya, wai ruwa yana bin bango ya ɓata fentin na ƙasa, kuma nauyi zai tsaga barandar. Ko sallama mai kyau bai yi ba. Na ji zafin abin ƙwarai, don da ya yi mini magana tun farko da na gyara.

Injiniya: Hajiya, yadda ya yi maganar bai kyauta ba, amma maganar nauyin akwai gaskiya a ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ta fi ruwa nauyi. Tukunyar siminti da ke cin ƙasa kamar jarka biyu, in an haɗa da nauyin ita kanta, ta kai nauyin babban mutum. Shida ke nan kamar mutum shida suna tsaye a bakin baranda dare da rana, kuma nauyin da aka ɗora a bakin shi ya fi wahalar da barandar da ba ta da ginshiƙi a ƙasa. A bene roba ta fi, fara ko mai haske, a matso da su jikin bangon ɗaki. A rage nauyin ƙasar da buntun shinkafa wanda aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba. A ɗora kowace a kan bulo biyu ko 'yar kujerar ƙarfe da faranti a ƙasa, ruwa ba zai kwanta ya shiga siminti ba. Ki je masa da wannan, wataƙila ya sauko.

Ummu Sultan: Na gode Injiniya. Zan sa Baban Sultan ya same shi da maganar, sai in rage su zuwa ƙanana.

Maman Ilham: Hajiya Babba, na koma maganar tukunyar ƙasa. Yaya ake huda ta ba ta fashe ba? Kuma ina son ta yi kyau, ba jar tukunya kawai ba. Zan iya yi mata fenti?

Hajiya Babba Zariya: Ki jiƙa ta a baho ta kwana. Da safe ki kifa ta a kan yashi ko tsumma, ki sa ƙusa a tsakiya kina murzawa kina ɗan ƙwanƙwasawa a hankali, kada ki yi gaggawa. In ta ɓule ki faɗaɗa da bakin tsohuwar wuƙa har babban yatsa ya shiga. Wanda ya fi sauƙi, ki je wajen magina ki ce su yi miki da huda tun tana ɗanya kafin a gasa, ba sa ƙi. Sai ki kifa tsingaro ɗaya a kan hudar don ƙasa kada ta zube.

Amaryar Hotoro: Ni tsakuwa nake cika ƙasan da ita, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, an ce tana sa ruwa ya wuce.

Baba Mai Lambu: An daɗe ana faɗa, amma ba ta ƙara komai, 'yata. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya faɗa cikin tsakuwa sai ƙasar ta cika taf, don haka jiƙaƙƙen wurin ya matso sama kusa da saiwa, kuma kin rage wa saiwa wurin zama. Tsingaro ɗaya na Hajiya ya isa. Kuma wadda ba ta da huda, ko rabinta tsakuwa ne sai ta kashe shuka.

'Yar Damagaram: Maganar fenti, in kika shafe tukunyar ƙasa duka da fentin mai, kin toshe mata ƙofofin gumi, ta zama roba mai nauyi. Matan Mirya da na Bubon kusa da Yamai da farar ƙasa da jar ƙasa suke zana nasu, tukunya ta yi kyau kuma tana numfashi. Ni abin da na yi, na bar cikinta yadda yake, na zana dagi da farin fenti a gaba, na ja layi biyu a wuya. Jan ƙasar da farin zanen da koren ganye, ba ki ga yadda suke haɗuwa ba.

Maman Haidar Abuja: Mu nan Ushafa muke zuwa ta hanyar Bwari, matan Gbagyi suna gina tukwane masu zanen ƙadangare da kifi, irin salon da aka san Ladi Kwali da shi, wadda hotonta ke bayan naira 20. Sai dai masu ƙyallin nan da aka gasa da ruwan gilas ba sa gumi, kuma da yawa ba huda. Ni sai in bar shukar a tukunya mai huda in zura ta cikin mai adon, in zan ba da ruwa in ciro ta.

Abu Fadil: Wannan da kika faɗa ya tuna mini abu. Ni mutumin Jigawa ne. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya yi suna da tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan yana fita ta jikin babbar yana tafiya da zafi, tumatir da alayyahu su yi kwanaki ba su lalace ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a kai a shekarar 2000. Baba, in aka yi wa shuka haka a katangar Maman Ilham mai ranar azahar, ba zai yi ba?

Baba Mai Lambu: Zai yi ƙwarai, musamman daga Maris zuwa Mayu da iska ke bushe. Ko robar da ta riga ta saya, in ta huda ta, ta zura ta cikin tsohuwar tukunyar ƙasa da yashi a tsakani, rana ba za ta taɓa robar ba. Ta tabbata dai ta wajen ma tana da huda. Ashe kai ma kana da abin faɗa a harkar fulawa.

Abu Fadil: A harkar attaruhu dai, Baba. Ina da buhu huɗu na siminti a bayan ɗaki da na shuka shi a ciki, da zogale ɗaya a rabin duro. Ƙwari ne suka dame ni, wasu farare kamar auduga a ƙarƙashin ganye, ga tururuwa tana hawa tana sauka.

Baba Mai Lambu: Tururuwar kiwonsu take yi, zaƙin da suke fitarwa take sha, ita ke ɗaukarsu daga shuka zuwa shuka. Ka daka ganyen dalbejiya cikin hannu biyu, in ka samu 'ya'yan sun fi ƙarfi, ka jiƙa a lita 2 na ruwa ya kwana, ka tace, ka narka ɗan sabulun wanka kamar ƙwayar gyaɗa. Ka fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, ka bi ƙarƙashin ganye. Bayan kwana 5 ka sake, har sau uku. Inda suka yi yawa ka yanke reshen ka ƙona. Zogalen kuma in ya kai ƙugunka ka datse kansa, in ba haka ba zai tafi sama kamar sanda iska ta kayar da duron. Kuma kada ka sa ɗanyen kashin kaji, yana ƙone saiwa, sai ya yi wata biyu ko uku a tare yana ruɓewa.

Amaryar Hotoro: Ni ƙadangaru ne ke cinye mini tsiro da rani, da zarar ya fito sun gutsure.

Hajiya Babba Zariya: Tsohon gidan sauro ki yanka ki rufa a kan 'yan sanduna har shukar ta yi ƙwari. Kaji ma yana hana su tono.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan sati biyar. Ta huɗun ta rayu, ta fitar da sabon ganye shida. Na samo tukwane uku da huda wajen magina, Ilham ta taya ni zana musu layi da farin fenti a wuya. Na'a-na'a ta kama, ɗoɗɗoya ta kama, lallen da na karɓo gidan Yayata har yanzu kara ne amma da na kankare da farce kore ne a ciki. Duk na mayar da su katangar da ke samun ranar safe, a kan bulo. Jiya Baban Ilham da kansa ya fito da tabarma ya sha shayinsa a wajen, da na'a-na'ar da ya tsinka da hannunsa. Sai dai Baba, na ga wani fari-fari kamar kanwa yana fitowa a jikin tukwanen da saman ƙasar. Cuta ce?

Baba Mai Lambu: Ba cuta ba ce, gishirin ruwan burtsatse ne, ruwa ya tashi ya bar shi. Na jikin tukunya ki goge da soso. Na saman ƙasa ki kankare da cokali ki zubar, ki mayar da sabuwa. Sau ɗaya a wata ki zuba ruwa da yawa har ya riƙa fita ta hudar, zai wanke sauran. Ga hadari ya fara haɗuwa, ruwan farko ki bar shi ya wanke kwano, na biyu ki tara a baho ki rufe, shi za ki riƙa ba su. Lallen kuma kada ki tone shi don dubawa, ki ba shi sati uku.